Yadda za ka gane kalmomin Turanci masu karo da juna, ka fassara su, ka kuma yi aiki da su

Idan jaridar Ingila ta rubuta cewa tambayar da aka yi wa wani minista ta gamu da "deafening silence", mai fassarar da ke bin kalma da kalma zai ce "shiru mai kurmantarwa", mai sauraro kuma ya tsaya yana tunanin ta yaya shiru zai toshe wa mutum kunne. Abin da marubucin ke nufi shi ne jama'a sun kasa kunne suna jiran amsa, amsa ba ta zo ba, rashin zuwan nata kuma ya tona abin da ake ɓoyewa. Hausawa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suka ce shiru ma magana ce. Wannan dabara ta haɗa kalmomi biyu kishiyoyin juna wuri guda su haifar da ma'ana ɗaya, ita ake kira "oxymoron" a Turanci. A nan za mu riƙa rubuta sunan oksimoron.

Daga Girkanci sunan ya fito: "oxys" mai kaifi ne, "moros" kuwa dakusasshe ko wawa. Ke nan sunan da kansa misali ne na abin da yake nufi, kamar ka ce kaifin dakushewa. Ya shiga rubutun Turanci a ƙarni na 17. Gaɓa huɗu gare shi, ok-si-mo-ron, kuma a kan ta uku ake danna murya. Jam'insa na yau da kullum "oxymorons", shi kuwa "oxymora" sai a rubutun masana. Kalmar zagin nan "moron" ma daga saiwa ɗaya ta tsiro, wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke mai suna Henry Goddard ne ya ƙirƙiro ta a 1910, amma babu zagi ko kaɗan a cikin oksimoron.

Wanda ya yi karatun balaga a zaure ko a Islamiyya zai tuna da ɗibaƙi, wato kawo abu da kishiyarsa a magana ɗaya. Dangi ne, sai dai ɗibaƙi ya fi faɗi. A ɗibaƙi kishiyoyin kan zauna kowa a gefensa. A oksimoron dole ɗaya ta hau kan ɗaya tana siffanta ta. "Dare da rana" ɗibaƙi ne, "kukan daɗi" kuwa oksimoron ne.

Matakin farko: nemo kan maganar

A yankin suna na Turanci, kalmar ƙarshe ce ke faɗin ko mene ne abin, ta farko bayani kawai take yi a kansa. "Open secret" sirri ne. "Deafening silence" shiru ne. "Friendly fire" harbi ne. "Working holiday" hutu ne da ake taɓa aiki a cikinsa, har Ostareliya na ba matasa 'yan shekara 18 zuwa 30 daga wasu ƙasashe biza mai wannan suna, ta wata 12, su yi yawon buɗe ido suna aikin wucin gadi don samun guzuri. Wanda ya ɗauka aiki ne da ake yi ranar hutu ya ɓata tun daga tushe. Saboda haka idan za ka mayar da shi Hausa, fara da kalmar ƙarshe, sannan ka nemi yadda za ka jingina mata ta farko.

Zubin da za ka fi cin karo da shi sifa ce da suna, irin misalan da suka gabata. Na biye da shi bayanau ne da sifa, kamar "awfully good" da "clearly confused". Akwai na aikatau da bayanau, kamar "act naturally", inda aikatau ne kan maganar kuma shi ke zuwa farko. Akwai dunƙulalliyar kalma guda, "bittersweet", da masu karan ɗori a tsakiya, "love-hate" da "passive-aggressive".

Mataki na biyu: buɗe ƙamus, kuma kada ka tsaya a ma'anar farko

Nan ne aka fi faɗuwa, kuma nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Yawancin abin da ake jerawa a matsayin oksimoron ba karo yake yi ba sam. Ɗaya daga cikin kalmomin ce ke da ma'ana ta biyu ko ta uku wadda mai koyo bai sani ba. Ɗauki ƙamus na Turanci zalla, irin na masu koyo da ke kawo misalan jimla, ka karanta dukkan ma'anonin kalmomin biyu har ƙasa.

Duba "civil war". Mai koyo ya san "civil" da ma'anar ladabi, sai ya yi mamakin yaƙi mai ladabi. Asalin kalmar Latin ce, "civis", ɗan ƙasa, don haka yaƙi ne tsakanin 'yan ƙasa ɗaya, abin da muke kira yaƙin basasa, irin na Amurka daga 1861 zuwa 1865 ko na Najeriya daga 1967 zuwa 1970. "Original copy" da ake nema wajen tantance takardu shi ma haka: "copy" na nufin kwafi, yana kuma nufin guda ɗaya na takarda ko littafi, don haka takardar asali ake so ka kawo, ba wadda aka ɗauka a inji ba. A "found missing", "found" ba tsintuwa ba ce, ganowa ce, wato an duba an tarar babu. A "act naturally", "act" ba wasan kwaikwayo ba ne, yin hali ne, ana nufin ka saki jikinka. A "growing smaller", "grow" na nufin zama sannu a hankali, abin yana ƙara ƙanƙancewa ke nan.

Wasu kuma sunayen kaya ne da sana'a. "Dry ice" iskar kabon dayoksaid ce da aka daskarar, sanyinta digiri 78.5 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, kuma idan ta sha zafi iska take komawa kai tsaye ba ta barin jiƙa, shi ya sa aka ce busasshiya. "Dry cleaning" ma wankin tufafi ne da ake yi da ruwan sinadari, ruwan famfo ne kawai ba ya shiga. "Student teacher" ɗalibi ne da ya fita gwajin koyarwa. Shi kuwa "jumbo shrimp", wanda Amurkawa suka fi kawowa misali, ya samu shiga jerin ne domin ana yi wa ƙaramin mutum laƙabi da "shrimp", alhali "Jumbo" sunan wata ƙatuwar giwa ce ta gidan namun dajin Landan da aka sayar wa mai wasan nishaɗi P. T. Barnum a 1882. A kasuwa dai jatan lande ne manya, galibi 21 zuwa 25 a fam ɗaya, wato kimanin giram 454. Babban jatan lande bai saɓa wa hankali ba, kamar yadda babban ƙwaro bai saɓa ba.

Duk irin waɗannan, fassara su kai tsaye da ma'anarsu. Kada ka yi ƙoƙarin nuna wani karo a Hausa, domin mai harshen ma bai ji karon ba lokacin da ya faɗa.

Mugun daɗi da bala'in kyau

Akwai rukunin da Bahaushe zai fi kowa saurin ganewa. Muna cewa miya ta yi mugun daɗi, yarinya tana da bala'in kyau, mota tana da masifar gudu, ba wanda ke jin mugunta ko bala'i a ciki. Kalmomin sun sake launi sun koma na ƙarfafawa. Haka "awfully" da "terribly" suke: "awfully kind" mai matuƙar kirki ne, "terribly sorry" ba da haƙuri ne sosai. An fi jin su a bakin mutanen Birtaniya, kuma suna da ɗan ƙamshin maganar dattawa.

"Pretty" ce ke yawan kayar da mutane. Gaban suna, kyakkyawa take nufi. Gaban sifa kuwa, ma'auni ce. "Pretty ugly" ba kyakkyawan mummuna ba ne, mummuna ne ba kaɗan ba. Idan ka jera ma'aunan daga ƙasa zuwa sama, "slightly" ce a ƙasa, sai "fairly", sai "pretty", sai "very", sai "extremely". "Awfully" da "terribly" suna zaune wajen "very" ko sama kaɗan. "Pretty much" kuma kusan take nufi, kamar a ce aiki ya kusa ƙarewa. Waɗannan duk na hira ne. A takardar neman aiki, ko rahoto, ko amsar jarrabawa, sa "very" ko ka nemi sifa mai ƙarfi da za ta tsaya da ƙafarta. Ka kuma kula da wutsiyar "-ly": "awfully good" daidai ne, "awful good" maganar titi ce da mai maki zai ja wa layi.

Mataki na uku: warware shi da jimla

Idan ka bi ƙamus ka tarar kalmomin biyu na nan da ma'anarsu ta asali, kuma da gaske kishiyoyi ne, to gwada wannan: faɗi jimla guda mai cewa abin kaza ne ta wannan fuska, kuma kaza ne ta waccan. In jimlar ta zauna, oksimoron na gaske ne a hannunka. In ta ƙi zama, kuskure ne ko yaudara.

"Open secret": sirri ne a hukumance, sananne ne a gari. Ta zauna. Hausarsa sirrin da kowa ya sani, ko abin da ba a faɗa amma ba wanda bai sani ba. "Bittersweet": daɗi ta fuskar abin da aka samu, ɗaci ta fuskar abin da aka rasa, irin abin da uwa ke ji ranar da ake kai 'yarta ɗakin miji. Babu kalma guda da za ta ɗauke shi a Hausa, kuma ba laifi ba ne ka buɗe shi ka ce farin ciki gauraye da baƙin ciki, ko ga murna ga hawaye. Amma ka lura, a jikin kwalin cakulan ɗanɗanon harshe kawai yake nufi. "Tough love": tsanani a aikace, ƙauna a zuci. Karin maganarmu ta riga ta gama da shi, ƙi naka duniya ta so shi. "Accidentally on purpose": ganganci ne da aka yi wa rigar kuskure. "Organised chaos": mai kallo hargitsi yake gani, na ciki kuwa kowa ya san aikinsa, kamar babbar tasha da sassafe. "Same difference" amsa ce ta gundura ga mai yawan gyara magana, duk kanwar ja ce, kuma tana iya zama rashin ladabi idan ka faɗa wa na gaba da kai.

"Passive-aggressive" na buƙatar ƙarin bayani domin ya cika bakin mutane yanzu. Likitocin sojan Amurka ne suka fara amfani da shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kan sojojin da ba sa ƙin umarni a fili amma suna jan ƙafa da kumbure-kumbure. Yau ana faɗar sa ga duk mai nuna fushi a kaikaice, ta hanyar gaba, ko habaici, ko gugar zana, ko amsa aiki da "to" sannan a ƙi yi. Kada ka fassara shi da mai sanyin faɗa. Dubi abin da mutumin ya aikata a labarin, ka kira shi da sunansa.

Biyu daga fagen siyasa da tattalin arziki sun cancanci a san su. A majalisar Birtaniya ana kiran babbar jam'iyyar adawa "loyal opposition", laƙabin da ya samo asali a ƙarni na 19: biyayya ga sarauta da ƙasa, adawa ga gwamnatin da ke ci. "Creative destruction" kuwa masanin tattalin arziki Joseph Schumpeter ne ya yayata shi a 1942, yana nufin yadda sabuwar fasaha ke kashe tsohuwar sana'a tana haifar da wata, kamar yadda wayar hannu ta rufe rumfunan buga waya.

Inda ake ɓoye gaskiya a bayansa

Ba kowane haɗin kishiyoyi ne ado ba. Wasu an ƙera su ne don a rage wa labari zafi, kuma a ganinmu aikin mai fassara ne ya mayar da zafin inda yake. "Negative growth" ba wani nau'in bunƙasa ba ne, raguwa ce. Idan ta faru zango biyu a jere, wato wata 6, sai a ce tattalin arziki ya shiga koma baya, kamar yadda na Najeriya ya tsuke da kusan kashi 1.6 cikin 100 a 2016. Ka ce ya ragu ko ya ja da baya. "Bunƙasa maras kyau" ba Hausa ba ce, ba kuma gaskiya ba ce. "Friendly fire" harbin kuskure ne da soja ke yi wa nasa ɓangaren. "Friendly" a bakin soja na nufin namu, kishiyar na abokan gaba. A yaƙin Tekun Fasha na 1991, sojojin Amurka 35 daga cikin 148 da suka mutu a fagen daga ta haka suka mutu. Duk wanda ya sa kalmar abota ko zumunci a fassarar irin wannan labari ya ci zarafin mamatan.

Misalin fassara mai kyau yana nan a bakinmu kullum. "Cold War", zaman tankiyar Amurka da Tarayyar Sobiyet da ya ƙare a 1991, ba a ce masa yaƙi mai sanyi ba, aka ce yaƙin cacar baka. An bar kalmomin an kama abin da ya faru.

A talla da takardun ciniki kuwa, gwajin jimlar nan shi ne garkuwarka. "Genuine imitation leather" ba fata ba ce, roba ce. "Free with purchase" sai ka saya. "Unlimited" da ke da tauraro a gefensa yana da iyaka, nemi ƙananan rubutun ƙasa ka gani. "Exact estimate" ba ya warwaruwa: ko dai ƙiyasi ne da zai iya canzawa, ko farashi ne tsayayye, don haka ka sa mai aikin ya rubuta wanda yake nufi kafin ka ba da kafin alƙalami. "Mandatory donation" kuɗin dole ne da aka kira gudummawa.

In an ce abu kaza "is an oxymoron"

Wannan salon zolaya ne da ya yaɗu a Amurka da Birtaniya. Mutum zai ɗauki haɗin da ba shi da wani karo, kamar "business ethics" ko "honest politician", ya ce ai oksimoron ne. Abin da yake nufi shi ne ɗan kasuwa ba shi da amana, ɗan siyasa ba ya gaskiya. Suka ce, ba nahawu ba. Mafi shahara shi ne "military intelligence", inda ake wasa da ma'ana biyu ta "intelligence": basira, da kuma bayanan sirri. A labarai bayanan sirrin soja ne, ba wani abu ba. Kada ka kawo irin waɗannan misali a jarrabawa, kuma ka san wanda kake faɗa wa, domin kana zagin sana'arsa ne.

A ɗakin jarrabawa

Tambayoyin adabin Turanci na WAEC da NECO da JAMB kan kawo layi guda su ce a faɗi adon maganar da ke ciki, kuma zaɓin kan haɗa 'yan uwan da ke kama da juna. Fara da ƙirga kalmomin da ke karon. In biyu ne manne da juna, ɗaya na siffanta ɗaya, oksimoron ne. Misalan da aka fi kawowa na Shakespeare ne, daga wasan Romeo da Juliet: "sweet sorrow", "loving hate", "cold fire". In cikakkiyar magana ce da ta yi kama da ƙarya amma da ka yi tunani ka ga gaskiya ce, "paradox" ne, kamar "more haste, less speed", wanda mu muke cewa sauri ya haifi nawa. In ganga biyu ne, wato sassan jimla biyu, aka auna su kafaɗa da kafaɗa, kowace da nata batu, "antithesis" ne: "man proposes, God disposes", kana taka Allah na tasa. In an kore kishiya ne don a tabbatar da abu, kamar "not bad" da nufin ya yi kyau, "litotes" ne, irin "ba laifi" tamu. In an faɗi abu ana nufin akasinsa, "irony" ne, ɗan uwan gatse. Kuskuren da aka fi yi shi ne ganin "love" a farkon layi da "hate" a ƙarshensa a yi wuf a zaɓi oksimoron. In ba su manne ba, sake dubawa.

Kalma ɗaya mai fuska biyu

Akwai 'yan kalmomin da su kaɗai suke karo da kansu, kuma sun fi oksimoron haɗari ga mai fassarar labarai domin ba sa nuna alama. "Sanction" na nufin takunkumi, tana kuma nufin amincewa. In ka ga jam'i tare da "on" ko "against", takunkumi ne. In ka ga "sanctioned by", tsaya ka karanta sakin layin duka, domin yana iya zama an amince, yana iya zama an hukunta. "Oversight" sa ido ne idan ana maganar aikin majalisa a kan ma'aikatu, amma "an oversight" kuskure ne na rashin lura, kuma ƙaramar kalmar "an" ce ke raba su. "Table a motion" a Birtaniya da ƙasashen da suka gaji tsarinta gabatar da ƙudiri ne, a majalisar Amurka kuwa jingine shi ne. Dubi inda labarin ya fito kafin ka rubuta.

Yadda za ka yi amfani da shi a naka rubutun

Fara da waɗanda aka riga aka sani, kuma ka ɗauke su yadda suke, domin ƙafaffu ne. Ana cewa "open secret", ba a cewa "public secret". Ana cewa "deafening silence", ba "deaf silence" ko "deafened silence" ba, domin shirun ne ke kurmantarwa, ba shi aka kurmantar ba. "Bittersweet" ba ya juyuwa. Ka kula da ƙananan kalmomin gaba: "an open secret", "a deafening silence", amma "old news" ba ya ɗaukar "an", domin "news" ba a ƙirga ta a Turanci. "It is old news" ake cewa. "Friendly fire" ma haka, "killed by friendly fire". "Love-hate" ba ya tsayawa shi kaɗai, sai da suna a bayansa, galibi "relationship".

In za ka ƙera naka, kada ka fara da neman kalmomi biyu kishiyoyi, domin abin da zai fito wasa ne kawai. Fara da halin da kake son bayyanawa, ka tabbata da gaske fuska biyu gare shi. Sa masa suna, wannan ne kan maganar. Sannan ka nemo sifar da ke faɗin ɗaya fuskar. Wanda ya yi ritaya amma kullum yana kan hanya, hutunsa "a busy retirement" ne. Maƙwabcin da ke gaishe ka da fara'a yana kai ƙararka, abin da ke tsakaninku "polite hostility" ne. Sai ka gwada shi da jimlar warwarewa. In ka kasa faɗin fuskokin biyu cikin numfashi ɗaya, mai karatu ma zai kasa, goge shi.

Yawa na kashe shi. Ɗaya ya isa a rubutu mai kalma 400 zuwa 500, kuma ya fi tasiri a inda maganar ta kai ƙololuwa, ko a kanun labari. Biyu a jimla ɗaya sun yi yawa sai dai a waƙa. Kada ka sa shi cikin alamar zance don nuna ka san ya saɓa, kada kuma ka bi shi da bayani. A yarjejeniya, da umarnin shan magani, da rahoton bincike, da takardar kotu, kada ya shiga ko sau ɗaya, domin a can kowace kalma ma'ana ɗaya ake so ta ɗauka. Sannan ka bi rubutunka ka farauto waɗanda suka shigo ba da saninka ba, irin su "almost exactly", "a definite possibility" da "first annual". Wannan na ƙarshe editocin jaridun Amurka da yawa ba sa karɓar sa, domin taro ba ya zama na shekara-shekara sai an yi shi karo na biyu. "Inaugural" ake sawa.

Gwaji a aikace

Ga jimla irin ta labarai: "It was an open secret that the factory was closing, but the announcement was met with deafening silence from the union, and it was a bittersweet day for workers who got a pretty decent payout."

Haɗi huɗu ne ke neman a tsaya a kansu. Kan maganar na farko sirri ne, na biyu shiru, na uku rana, na huɗu kuɗin sallama. Ƙamus zai nuna maka "pretty" a nan ma'auni ce, saboda sifa ce ke biye da ita, don haka ba ta cikin lissafi. Sauran ukun duk suna warwaruwa da jimla. Mai bin kalma da kalma zai kawo buɗaɗɗen sirri, da shiru mai kurmantarwa, da rana mai ɗaci-zaƙi, da kyakkyawan biya mai mutunci. Wanda ya bi matakan zai rubuta: "Ba wanda bai san za a rufe masana'antar ba, ko da yake ba a fito an faɗa ba. Amma da sanarwar ta fito, ƙungiyar ƙwadago ta yi gum, ko uffan ba ta ce ba. Su kuwa ma'aikatan, ranar ta zo musu da murna da baƙin ciki a haɗe, ga kuɗin sallama mai ɗan kauri, ga kuma rabuwa da aiki."